Ruwan Ƙarfe Biyar a Layi na Tara

Liyakat ya dawo daga sayen burodin karin kumallo ya tarar da matarsa tana goge takardar kuɗin ruwa da dutsen guga. Ta shimfiɗa ta a kan teburin falo, ta ɗora ƙyalle a kai don kada ta ƙone, tana bi lungu-lungu kamar mai goge rigar amarya.

"Maman Tanwir, lafiya kuwa?"

"Lafiyar ce ta kawo haka. Dubi yadda ka cukwikwiye ta a aljihu. A ƙarƙashin gilashin teburin nan zan sa ta, inda baƙi za su gani."

"Takardar 'yan fashi za ki yi wa ado?"

"'Yan fashin ne yau za su aurar maka da ɗa," in ji Shagufta, ta ci gaba da gugarta.

Duk wanda ke zaune a Layi na Tara, a can gefen birnin Karaci na Pakistan, ya san rigimar Liyakat tela da wannan takarda. Shekara huɗu ke nan famfon tsakar gidansa bai ɗiga ko hawaye ba, haka na kowa a layinmu, sai ruwan tanka muke saye. Amma takarda ba ta taɓa fashi ba. Duk farkon wata sai ta iso, a rubuce ɓaro-ɓaro: ruwan da aka sha, sifili, kuɗin hidima, rupi ɗari huɗu da tamanin, sai wani ɗan ƙari na kula da mita, mitar da gizo-gizo ya yi aure a cikinta har ya ga jikoki. Sau biyu Liyakat yana zuwa ofishin ruwa don a yanke masa layin ruwan ya huta. Zuwan farko ya tambayi akawu wace hidima ce yake biya, akawu ya ce hidimar kawo masa takarda. Zuwa na biyu aka ce yankewar ma sai ya biya, kuma idan ruwa ya dawo wata rana, mayar da layin ya fi kuɗin keken ɗinkinsa. Ya dawo gida yana huci, ya ci gaba da biya yana zagi, wanda kuma shi ne abin da dukanmu muke yi.

Yau dai maganar ta wuce takarda. Ɗansu Tanwir ya kai shekara talatin da biyu, ga aiki a kantin magani, ga hankali, amma gida uku suka zo ganin inda 'yarsu za ta zauna, duka ukun suka tafi ba su waiwayo ba. Kowa ya san yadda ake yi. Uwar yarinya za ta sha shayi, ta yabi labule, sannan ta ce tana son wanke hannu. Ba banɗaki za ta nufa ba, domin kowane wawa zai iya cika tankin sama da ruwan tanka. Famfon tsakar gida za ta murɗa, wanda ya taho kai tsaye daga bututun gwamnati. Idan ya yi shiru, magana ta mutu. Ta ukun ko shayinta ba ta ƙarasa ba.

Waɗancan ukun ba su dami Tanwir ba, don bai ma san 'yan matan ba. Wannan karon kuwa Mahwish ce, malamar firamare da ke zuwa sayen maganin hawan jinin mahaifinta, har ya zamana tana zuwa ko maganin bai ƙare ba. Tanwir ya rame a kanta, wandonsa sai da Liyakat ya rage masa ƙugu. Shagufta kuma ta riga ta aika wa iyayen yarinyar cewa gidansu akwai layin ruwa. Ba ta yi ƙarya ba, layin yana nan.

"Ƙarfe huɗu da rabi za su zo," ta ce. "Ka je ka sami Gafur."

"Ni? In je in roƙi Gafur?"

"To ka zauna. In Tanwir ya tsufa a gidan nan sai ka riƙa rina masa gemu."

Gafur shi ne mai makullin ruwa na shiyyarmu. Wani dogon ƙarfe ne da shi mai kai kamar gicciye, da shi yake buɗe bututu ya rufe, kuma ko masallaci zai shiga sai ya jingine shi inda zai riƙa hango shi. Liyakat ya same shi a wurin mai shayin bakin titi, ya miƙe ƙafa, ƙarfen yana kwance a cinyarsa.

"A'a, Baba Liyakat! Yau tela ne da kansa? Ko wandona ka gama?"

"Wandonka yana nan. Ruwa nake so a famfona, awa ɗaya, daga biyar zuwa shida."

Gafur ya dube shi sama da ƙasa, ya yi murmushi. "Mutuwa ko surukai?"

"Ina ruwanka?"

"Surukai ke nan. Mai mutuwa ba ya zuwa da sabon aski. Dubu huɗu."

"Dubu huɗu! Kai, ka ji tsoron Allah. Duk wata ina biyan ofishinku, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

"Wancan kuɗin takarda ne, Baba, kuma ana kawo maka ita, ko ba a kawowa? Nawa na ruwa ne."

Suka yi ta ja-in-ja har shayin Gafur ya huce. Liyakat ya tashi zai tafi sau biyu, Gafur bai ko ɗaga ido ba, sau biyun Liyakat ya dawo ya zauna da kansa. Aka daidaita a dubu uku, da ɗinkin wando kyauta.

"Amma kada kowa ya ji," in ji Liyakat. "Ko matarka."

"Bakina a ɗinke yake, kai ne ma tela. Bututun ne ban san halinsa ba, ya daɗe bai yi magana ba."

Liyakat ya dawo gida da tafiyar wanda ya ci yaƙi. Nan take ya sa aka kwashe duk abin da zai tona asiri: bokitai, jarkoki, tukwanen da ba a girki da su, har da tsohon bahon wankan Tanwir na jarirantaka. Ashirin da uku ya ƙirga. Wasu suka shige ƙarƙashin gado, sauran aka jibge su a ɗakin ɗinki aka ja ƙofa. Sannan ya tsayar da matarsa da ɗansa a tsakar gida kamar 'yan makaranta.

"Ku saurara. Idan ruwa ya zo, ba wanda zai motsa. Ba wanda zai waiga. Mu mutane ne da suka saba da ruwa, kun gane? Ruwa ya zo, to sai me? Kullum zuwa yake."

"Na ji," in ji Shagufta.

"Ke nake wa magana musamman."

"Na ce na ji! Kai ka fara riƙe kanka."

Tanwir kuwa hankalinsa yana kan baƙin. Ya sa farar rigarsa mai sitati tun azahar, ya ƙi zama don kada ta yamutse, yana ta kai-komo yana duba agogo. Liyakat ya dube shi sai tausayi ya kama shi, ya ji dubu ukun ta daina yi masa zafi.

Ƙarfe huɗu da rabi daidai keken riksha mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Nusrat Begum, uwar Mahwish, 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, irin matan da idan suka shigo ɗaki sai ka tuna ba ka share bayan ƙofa ba. Mijinta Jamil Sahib ya biyo ta a baya, ya yi sallama, ya zauna kusa da farantin samosa, daga nan bai ƙara damun kowa ba.

Aka gaisa, aka tambayi lafiyar dangi har waɗanda ba a sani ba. Tanwir ya kawo shayi. Nusrat Begum ta yabi labule, ta yabi samosa, sai idonta ya sauka a kan gilashin tebur.

"Masha Allah, takardar ruwa ce wannan? Har da hatimin biya."

"Ai Baban Tanwir ba ya wasa da ita," in ji Shagufta, ta ɗan gyara zaman tulun furen da ta ɗora daidai kan sifilin. "Duk wata shi ne na farko a layi."

"Mutum ya sha ruwa ai sai ya biya," in ji Liyakat. Ya yi sauri ya kora maganar da shayi.

Saura minti biyar ƙarfe biyar ta cika, Nusrat Begum ta ajiye kofi. "'Yar'uwa, zan ɗan wanke hannu. Samosar nan akwai mai."

"Yanzu kuwa!" Liyakat ya zabura. "Amma kafin nan, na ba ku labarin rigar da na ɗinka wa wani alƙali?"

Ba wanda ya nemi labarin, amma ya ba da shi. Ya faɗi kalar yadin, da yawan maɓallai, da yadda tumbin alƙalin ya ƙaru tsakanin awo da karɓa. Biyar ta yi, famfo shiru. Biyar da minti biyar, ya shiga labarin ƙanin alƙalin. Gumi ya fara bin bayan kunnensa, a zuciyarsa yana yanka wandon Gafur gunduwa-gunduwa da almakashi. Nusrat Begum tana sauraro da haƙuri, hannayenta masu maiƙo a ɗage.

Biyar da minti goma sha biyu famfon tsakar gida ya yi tari.

Tari ne sosai, irin na tsohon da ya daɗe yana shan taba. Ya yi shiru, ya sake yi, ya yi gurnani, bututun bango ya kama rawa. Ba gidan Liyakat kaɗai ba, duk gidan da ke Layi na Tara famfonsa ya amsa. Abin da Liyakat bai lissafa ba ke nan: ya sayi ruwa a asirce, ya manta bututu ɗaya ne ya ratsa gida arba'in.

"Ruwa!" wata ta ƙwalla daga ƙarshen layi. "Jama'a, ruwa ya zo!"

Layinmu ya hargitse. Ƙofofi suna bugawa, bokitai suna karo, yara suna kiɗa da murfin tukunya. Wani ya fito daga wanka da kumfa a ka. Ladan da kansa aka gani da buta huɗu, biyu a kowane hannu.

A falo kuwa, Liyakat ya ɗaga kofinsa ya kurɓi shayin da babu. "Yaran unguwa ne," ya ce. "Ba su da aikin yi."

Shagufta tana zaune a miƙe, murmushi a fuska, amma yatsun ƙafarta sun ƙanƙame tabarma. An bar famfon a buɗe shekara huɗu, ba wanda ya tuna ya rufe shi, yanzu ga ƙarar ruwa yana zuba a kan siminti yana bin rariya. Matar da ke wanke shinkafa ta yi wanke-wanke da ruwan, ta goge ɗaki da shi, sannan ta ba shukar na'ana'a abin da ya rage, ita ce aka ce ta zauna tana jin ruwa mai daɗi yana tafiya kwata. A gaskiya ta yi ƙoƙari. Ta kai kusan minti ɗaya.

"Wayyo Allah, yana zubewa!" Ta yi tsalle ta haye kan ƙafar Jamil Sahib, mayafinta ya kama tulun fure ya kifar, ta faɗa ɗakin ɗinki. Ƙofa na buɗewa jarkoki da bokitai suka gangaro har tsakiyar falo, bahon jariri ya zo ya tsaya a gaban Nusrat Begum.

"Maman Tanwir! Me na ce miki?"

Bai rufe baki ba sai ga wata ƙara daga bayan katanga. Arshad maƙwabcinsa ne ya tayar da injin jan ruwa, ƙaton nan da ya sayo na hannu daga wata masana'anta. Nan da nan ruwan famfon Liyakat ya sirance ya koma kamar zare.

"Arshad!" Liyakat ya manta da baƙi, ya manta da alƙali, ya yi waje takalmi ƙafa ɗaya. "Kashe injin nan! Ɓarawo! Ruwana ne, ni na biya!"

"Kowa ma yana biya, Baba!" Arshad ya amsa daga bayan katanga. "Ɗari huɗu da tamanin!"

"Dubu uku na ba Gafur da hannuna, kai ɗan ƙwal uba!"

Sai da maganar ta fita ya ji ta da kunnensa. Amma ba lokacin nadama, don ya riga ya durƙusa gaban nasa injin yana jan igiya, injin da tsatsa ta cinye yana amsa masa da atishawa. Ya haƙura ya kama tiyo. Ruwan farko ja ne wur kamar shayi, ya fesa masa daga gemu har gwiwa.

Shagufta ta cika bokiti biyu ta sunkuya za ta ɗauka. Tanwir ya zo ya janye hannunta. "Mama, bayanki. Ke dai ki riƙa tarawa." Ya naɗe hannun farar rigar da ya yini yana tsaro, ya ɗauki bokitan ya juye a tankin ƙasa, ya dawo ya ɗauki wasu. Ya yi sawu ya fi talatin, rigar ta zama kalar ƙasa, bai ko dube ta ba.

Ana cikin haka Mumtaz Bibi, tsohuwar gidan da ke kallon nasu, ta faɗo ba sallama, tana kuka tana dariya, da farantin alewa a hannu. "Liyakat, ɗana, ka gani? Shekara huɗu da wata biyu! Na ɗauka sai na mutu ban sake ganin ruwan famfo ba!" Ta juya ta ga baƙi, ta miƙa wa Nusrat Begum alewa. "Ɗauki, 'yata, ƙafarki da albarka. Rabonmu da shi tun kafin a haifi jikana, ga shi yanzu har ya shiga makaranta."

Nusrat Begum ta ɗauki alewa ta yi godiya. Sannan ta je famfo, ta jira jan ya washe, ta wanke hannunta a tsanake, ta ɗan taɓa a harshe.

Shida daidai famfon ya sake tari ya yi shiru. Gafur bai ƙara ko minti ɗaya ba a madadin sha biyun da ya ci.

Aka koma falo aka zauna a tsakiyar bokitai. Liyakat yana ɗigar ruwa a kan kujera, kunya ta rufe shi har ba ya iya ɗaga kai. Da ya saci kallon ɗansa, ya gan shi a tsaye bakin ƙofa, a jiƙe, idonsa a ƙasa, irin tsayuwar wanda ya riga ya san amsa. Abin ya soki Liyakat a zuciya. Wannan karon ba ofishin ruwa ba ne ya kori baƙi, shi ne da bakinsa.

"Begum Sahiba," ya ce a hankali, "kin ga komai. Ba mu da ruwa. Takarda kawai muke da ita. Laifina ne, yaron nan bai ce a yi haka ba."

"Dubu uku ka ce?" Nusrat Begum ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. "Ya yi maka sauƙi. Ɗan tirelan da ya zo neman babbar 'yata dubu biyar ya biya."

Liyakat ya ɗago.

"Liyakat Sahib, gida shida na shiga saboda Mahwish. Biyu sun sayi Gafur, ɗaya ya haɗa famfon tsakar gida da tankin sama ta bayan bango, ya zaci ban san ɗanɗanon ruwan tanka ba. Na daɗe da daina neman ruwa a gidajen garin nan. Tun tana shekara tara yarinyar nan take hawa bene da bokiti, yayyenta maza suna kallon ƙwallo. Yanzu in na shiga gida, ina duba wa ke ɗauka ne." Ta mayar da tabarau ta dubi Tanwir. "Kai, je ka canza riga kafin mura ta kama ka, Mahwish ta ce ni na jawo."

Tanwir ya juya ya yi karo da ƙofa. Shagufta ta fashe da kuka ta rungume Nusrat Begum da jiƙaƙƙen hannu. Jamil Sahib ya ɗauki samosa ta ƙarshe.

"Sauran magana ɗaya," in ji Nusrat Begum. Ta leƙa ta taga ta kira mai riksha. "Malam, shigo da su!"

Mutumin ya shigo da jarka shida, babu komai a ciki, ya jera su a tsakar gida.

"Waɗannan fa?" in ji Liyakat.

"Gafur ba ya haihuwar ruwa, Liyakat Sahib. In ya buɗe wa wani, ya rufe wa wani ne. Mu 'yan Layi na Biyu sau ɗaya muke samu a mako biyu, ranar Lahadi ƙarfe biyar. Yau da hantsi ya aiko wai ana gyara. Na ce da Baban Mahwish, gyaran nan a gidan da za mu ake yin sa, ɗauko jarkoki." Ta nuna tankin ƙasa da haɓa. "Nawa kawai zan ɗiba, na maƙwabtana kai da Allah."

Liyakat ya tashi da kansa ya riƙe mazurari, Tanwir yana zubawa, har jarka shida suka cika aka ɗora a riksha. Nusrat Begum ta hau ta zauna a kan ɗaya, ta gyara mayafi.

"Lahadi ta sama ku zo namu gidan a sa rana," ta ce. "Ku zo ƙarfe biyar, za ku tarar da ruwa, in dai ba ka sake saye shi ba."